Ƙaryar da Na Buga da Hannuna

Shagona yana bakin titi a Lazaret, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da bokitai. Aikina buga takardu. Na fara da tsohuwar mashin mai ƙara, daga baya na koma ordinata, wato kwamfuta, kuma mafi yawan abin da ake kawo mini kundin kammala karatu ne na ɗalibai, wanda a nan Yamai muke ce wa memwar. Karatuna a brebe ya tsaya, jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare. Ban taɓa zama a ajin babbar makaranta ba, amma kundin da ya bi ta ƙarƙashin yatsuna ya fi wanda wasu malaman suka karanta yawa.

Ina da tsari a shago, kuma ba na sauya shi don kowa. Wanda ya shigo zai yi sallama, ya zauna a benci, ya jira layinsa. Ba na karɓar babi na biyu kafin na ɗaya. Idan na gama bugawa nakan karanta daga farko zuwa ƙarshe, in gyara abin da ya karkace: harafin da ya faɗi, watan da aka rubuta a shafi na goma ya saɓa da na shafi na talatin, unguwar da aka ɗora a gabas alhali tana yamma. Ba na gaya wa ɗalibi na gyara. Ya je ya sha yabo, ni in ci gaba da aikina. Ɗalibai da yawa sun gama makaranta ba su san hannu biyu ne ya rubuta kundinsu ba.

Da daɗewa na lura cewa abin da ya fi ba ɗaliban ilimin zamantakewa wahala shi ne samun batun da za su yi bincike a kai. Kowace shekara sai su zo da abu ɗaya kamar an raba musu a bakin ƙofa: matasa da wayar hannu, ƙaura daga ƙauye zuwa birni, mata da ƙananan sana'o'i. Na buga ƙaura daga ƙauye har yatsuna sun haddace ta. Kuma maimaicin bai tsaya a batu ba. Jimla ɗaya nakan gane ta a kundi biyar, da waƙafinta da kuskurenta, domin kowa yana shiga ɗakin karatu na makarantarsu ya ɗauko na wanda ya riga shi ya kwafa. Abin da aka rubuta sau ɗaya aka ɗora a kanta ba ya mutuwa. Na fi kowa sanin haka, tunda ni nake sake buga shi.

Sai na sayi kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango, na fara rubuta batutuwa, kowanne da lambarsa, daga abin da nake gani tsakanin gida da shago. Na ɗaya: matan da ke sayar da kayan miya a kasuwar Lazaret, me ya sa kowace take zama wuri ɗaya kullum ba tare da wata takarda ba, kuma wa ke nuna wa sabuwar zuwa inda za ta shimfiɗa buhunta? Na huɗu: a gidan haya mai famfo ɗaya da ɗaki goma, yaya ake bin layin ruwa, kuma idan faɗa ya tashi da wane harshe ake zagi, Hausa ko Zabarmanci? Na tara kuwa a kan gonakin shinkafa na Saga yake: bayan an yanke shinkafa, su wa ke da iznin shiga su yi kala, kuma wa ya ba su? Akwai na fadar samari, wa ke dafa shayi, wa ake miƙa wa kofin farko, me ke sa a daina miƙa wa mutum. Akwai na jikokin mutanen Maraɗi da aka haifa a nan, waɗanda kakarsu ke yi musu Hausa suna amsa mata da Faransanci. Duk ɗalibin da ya zo yana sosa ƙeya, nakan buɗe kayen in karanta masa uku ya zaɓa. Sharaɗina ɗaya ne: ka je da ƙafarka, ka zauna, ka yi tambaya, ka rufe baki ka ji amsa. Wanda ya ɗauki batu, sai in ja layi a kan lambar da jan bik, wato biro.

Lamba ta goma sha bakwai na daɗe ban ba kowa ba, domin a kan babana take.

Babana mutumin Tahoua ne. Ya zo Yamai yana saurayi, ya shiga aikin ban ruwa a lambunan Gamkalley, a can ya yi aure, a can aka haife mu. A ɓangaren bakin gulbi inda yake noma, ruwa yana cika ya shafe ƙasar kowace shekara, idan ya janye kuma ba ya barin iyaka ko ɗaya. Wani wurin ya cinye gaɓa, wani wurin ya ƙaro ƙasa. Dole a sake aunawa. Da can aunawar nan rigima ce har da zare lauje, saboda duk wanda aka ce ya auna yana da ƙane ko suruki a cikin masu jiran rabo. Sai dattawan wurin suka ce a ba baƙon nan, shi ba shi da kowa. Haka igiya ta zo hannun babana. Doguwa ce, an yi mata ƙulli-ƙulli. Yana ɗaure bakinta a saiwar wani tsohon mangwaro, ya fara auna wa matan da mazansu suka rasu, sannan tsofaffi, sannan saura bisa jerin da kowa ya sani. Idan ƙasa ta ragu, kowa zai rasa ƙulli daidai da na maƙwabcinsa. Nasa wurin shi ne na ƙarshe, abin da ya rage. Akwai shekarar da abin da ya rage bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, ya noma abinsa haka. A wannan ɓangaren ba a kiransa da sunansa, mai igiya ake cewa, kuma mutum ɗaya ne ke amsawa.

Ɗalibin da na ba lamba ta goma sha bakwai ɗan Damagaram ne, yana karatu a wata babbar makaranta mai zaman kanta. Dogo ne, mai tsafta, mai iya gaisuwa. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar ni na haife shi, ya ce malaminsa ya ƙi batu biyu da ya kai, lokaci kuma yana ƙurewa. Na karanta masa uku ya ce a'a, yana son abin da ba a taɓa yi ba. Ladabinsa ya ruɗe ni, na buɗe shafin da nake ɓoyewa. Na kwatanta masa hanya, na ce idan ya sauka Gamkalley ya tambayi mai igiya. Ban ce masa babana ne ba. Ba na aika ɗalibi wurin dangina da sunana, don kada a yi masa shimfiɗa ta musamman ya rubuto yabo.

Bayan wata huɗu ya dawo da rubutunsa na hannu, babi biyar a jere, kowanne da lambar shafi. Har na yaba masa a raina. Na fara daga farko kamar kullum. A shafi na uku, wurin godiya, ya gode wa Allah, ya gode wa iyayensa da malaminsa, sannan ya gode wa mai igiya, wanda ya ce ya karɓe shi kamar ɗan cikinsa. Na yi murmushi, ko da yake na yi mamakin yadda Baba bai taɓa ambata mini wani ɗalibi ba.

A babi na uku na gamu da ƙarya ta farko. Ya rubuta cewa ya yi anketinsa, wato zagayen tambayoyi, a watan Fabrairu, yana zaune tare da masu lambu a cikin filayensu na bakin ruwa, a tsakiyar ganye. Na tsayar da yatsuna. A garinsu ruwa damina yake zuwa, da kaka ya fara ƙafewa, lokacin sanyi tafki ya zama fili. Sai ya ɗauka gulbinmu ma haka yake. Bai san cewa namu yana sake cika bayan damina da ruwan da ke gangarowa daga nesa ba, kuma a watan da ya ambata filayen nan suna ƙarƙashin ruwa, masu jirgi ne ke wucewa ta kansu. Ko yaro a Gamkalley ya san wannan.

Ta biyu tana shafi na arba'in da biyu. Ya ce mai igiya ɗan gidan da ya mallaki bakin gulbi ne tun kaka da kakanni, babban mai faɗa a ji.

Ta uku tana bin ta a shafin. Ya ce mai igiya yana fara auna wa kansa da danginsa wuri mafi kyau, ya tura matan da ba su da maza can kan tudu inda ruwa ke da nisa. Har ya ƙirƙiro wata tsohuwa da ya ce ta gaya masa haka tana share hawaye da bakin mayafi.

Na tashi na rufe ƙofar shago da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba. Na zauna na sake karanta shafin sau biyu. Abin da na gani a gabana shi ne kantar ɗakin karatu. Kundin nan zai hau ta, baɗi wani ya ɗauko ya kwafa, wata shekarar wani ya kwafi wanda ya kwafa, har ya zama abin da kowa ya sani game da mai igiya na Gamkalley. Baba zai mutu, waɗanda suka ga yadda yake aunawa za su mutu, jimlar nan ta rage.

Duk da haka na ba shi dama, kuma sau uku na ba shi.

Da ya zo duba aikin na ce, "Ɗana, ka je Gamkalley kuwa?"

"Haba Tanti, sati uku na yi ina zarya. Dubi yadda na yi baƙi."

Washegari na ce, "Mai igiyar nan, yaya kamanninsa?"

"Babban mutum ne, Tanti. Ƙato, ga gemu fari fat. In ya yi magana kowa sai ya yi tsit. Har shayi ya sa aka dafa mini."

Babana gajere ne, siriri kamar sillen kara, gemunsa bai fi gashi ashirin ba, kuma shayi yana tayar masa da ciwon ciki.

Rana ta uku na buɗe masa shafi na arba'in da biyu a kan allon ordinata, na ce, "Wannan magana tana da nauyi. Mutuncin dattijo ne. In ba ka tabbata ba, akwai sauran lokaci, ka koma ka tambaya."

Akwai ɗalibai mata biyu a benci suna jiran layi. Ya waiwaya ya dube su, ya yi dariya, ya ce, "Tanti, don Allah kowa ya tsaya a gonarsa. Ke naki bugawa ne. Kimiyya ki bar mana, ba a koyar da ita a brebe."

Ɗaliban suka sunkuyar da kai. Na ce, "Gaskiyarka. Bugawa ce tawa."

Na buga masa kundinsa yadda ya rubuta, harafi bayan harafi. Watan Fabrairu na bar shi inda yake, a wuri shida. Inda ya ɗora Gamkalley a ƙetaren gulbi na bar masa. Inda ya ce masu lambu arba'in ya tambaya, a wani shafin kuma ya ce hamsin, na bar duka biyun suna kallon juna. Ban taɓa buga aiki da natsuwa irin wannan ba. Na zaɓa masa takarda mai kyau, na haɗa kwafi huɗu da bango mai sheƙi, uku na malaman da za su yi masa hukunci, ɗaya nasa. Ya ɗaga ɗaya ya juya shi, ya ce hannuna yana da albarka.

Ranar Juma'a bayan la'asar na tafi Gamkalley. Na tarar da Baba a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya, tare da amininsa na shekara da shekaru, wani Bazabarme maƙwabcinsa a lambu, ƙato mai farin gemu, wanda muke ce wa Kawu. Na fassara musu shafin da Hausa, jimla bayan jimla, ban rage ba ban ƙara ba.

Baba ya ajiye fartanyar. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, "Uwata, takarda ce. Takarda ba ta cin ganyen salati a lambu. Ki bar yaro ya sami abin da ya zo nema."

"Baba, takarda ta fi mu tsawon rai."

Kawu ya buga sandarsa a ƙasa. "Ni dai ban ji daɗi ba. Shekara nawa ina roƙon tsohon nan ya ƙara mini ƙulli ɗaya, ɗaya tak, ya hana ni. Ashe danginsa yake ba! Kai, ina ka ɓoye dangin? A cikin tulu?"

Baba ya yi dariya, ni ban yi ba. Na ce ranar Talata ake zaman kare kundin, sutenans, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa. Baba ya ce ba zai je ba. Kawu ya ce zai je, kuma ko a kafaɗa sai ya ɗauko shi, tunda ba shi da nauyi.

Ranar Talata na shirya komai a jere. Da safe na goge wa Baba farar rigarsa. Ƙarfe takwas muka shiga taksi. Tara saura muka isa, na zaunar da su biyun a layin baya, kafaɗa da kafaɗa. Kawu ya sha babbar riga shuɗiya da rawani, ya cika kujera da rabin ta Baba. Ɗakin ya cika da mutanen ɗalibin. Mahaifiyarsa ta zo tun daga Damagaram, tana zaune a gaba cikin leshi, a bakin ƙofa kuma an jera kuloli na abinci da lemo don walimar bayan taro. Na ga wannan duka, ban sauya komai a shirina ba.

Shugaban malaman da za su yi hukunci dattijo ne da na daɗe ina buga wa takardun darasi. Na tare shi a baranda na gaishe shi, na ce, "Malam, tsohon da aka gode wa a shafi na uku, mai igiya, ya zo ganin taron. Yana layin baya."

Ban faɗi abin da ba gaskiya ba. Fuskarsa ta washe, ya ce rabonsa da ganin ɗalibin da mutanen fili suka biyo shi sutenans har ya manta.

Ɗalibin ya tashi cikin kwat, ya yi bayaninsa da Faransanci mai santsi na minti goma sha biyar. Aka tafa masa. Kafin a fara tambayoyi sai shugaban ya juya harshe zuwa Hausa don dattawa su ji, ya ce, "Yau muna da babban baƙo. Wanda ka ce ya riƙe ka kamar ɗa yana cikin ɗakin nan. Ba daidai ba ne ya zauna a baya. Je ka kamo hannunsa ka kawo shi gaba."

Ɗalibin ya ajiye takardunsa. Ya juyo, ya gan ni, ya ga tsofaffi biyu a gefena. Ya taho a hankali, takalminsa yana ƙara a kan siminti. Da ya iso bai ko dubi Baba ba. Ya durƙusa a gaban Kawu, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya gaishe shi da Zabarmanci, ya ce, "Fofo, Baba. Sannu da zuwa. Na gode da ka tuna da ni."

Kawu ya bar shi ya gama tsaf. Sannan ya amsa gaisuwar da muryarsa da ake ji daga ƙetaren gulbi, "Ngoyya, ɗana. Amma ni igiyar akuya ma kuɓuce mini take yi. Ga mai igiya nan, ka kusa taka masa ƙafa."

Wani ya fashe da dariya a baya, wasu suka bi shi. Shugaban bai yi dariya ba. Ya sa aka kawo kujera, aka zaunar da Baba kusa da teburinsu. Ya ce, "Baba, ka san wannan yaron?"

Baba ya dube shi da kyau, kamar yana neman hanyar da zai taimake shi. Ya ce, "Allah ya sani, yau na fara ganinsa. Amma ido ya tsufa, Malam."

"Ya ce a watan Fabrairu ya zauna da ku a filayenku na bakin ruwa."

Baba ya juyo wurina, na ɗaga murya na ce masa lokacin sanyi ke nan. Kafin ya buɗe baki, Kawu ne ya amsa daga baya. "A lokacin sanyi? To sai dai in da dorina ya yi hirar. Ita ce mai filin a lokacin."

Ɗaya daga cikin malaman, wata mace mai tabarau, ta buɗe kundin tana juya shafuka da sauri, tana ja da bik. Ta fara karanto wuraren da na bari, ɗaya bayan ɗaya, kamar ta san jerin da na yi. Ta tambaye shi arba'in ne ko hamsin. Ta tambaye shi a wane gefen gulbi Gamkalley take. Ta tambaye shi tsohuwar da ta yi kuka, a wane fili take noma. Malaminsa, wanda ya sa wa kundin hannu, ya zuba wa tebur ido bai ɗago ba. Da aka zo shafi na arba'in da biyu, shugaban ya tambayi Baba wa yake fara auna wa, wa kuma yake ƙarewa da shi. Baba ya faɗa a taƙaice, da ƙaramar murya, kamar mai amsa laifi. Kawu ya ƙara da cewa duk wanda ke shakka ya zo idan ruwa ya janye, ya ga filin da ya fi kowanne ƙanƙanta, ya tambayi na wane ne.

Aka fitar da mu don malamai su yi shawara. Da aka dawo da mu kowa ya miƙe tsaye, shugaban ya karanta hukunci: ba a karɓi kundin ba, ba zai shiga ɗakin karatu ba, ɗalibi zai koma fili ya yi aikin daga farko, ya dawo wani zama.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ji shi har cikin yatsuna. A baranda ɗalibin ya tsaya a gabana, idonsa ja, ya ce, "Tanti, me na yi miki?"

Na ce, "Babana ne. Kuma ni bugawa kawai na yi."

Mahaifiyarsa tana can tana sa a mayar da kulolin cikin mota ba a buɗe ko ɗaya ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta dubi kowa ba. Baba ya je ya tsaya kusa da ita ya yi mata magana a hankali, ban ji abin da ya ce ba. A cikin taksi ya ƙi kallona har muka wuce kasuwa. Sannan ya ce, "Uwata, kin kunyata ɗan mutane a gaban uwarsa."

"Shi ya fara kunyata uban mutane, Baba. Nasa na yini ɗaya ne. Naka da ya shiga kanta, babu ranar fita."

"Da kin ce masa ni babanki ne, da ya goge."

"Da ya goge don ni. Ya je ya rubuta a kan uban wata da ba ta iya karatu ba."

Ya mayar da ido kan titi. Kawu ya ce shi dai abin da ya fi ba shi haushi kulolin nan ne, ya ji ƙamshin kaza tun daga ƙofa.

Da ruwa ya janye, ɗalibin ya je Gamkalley. Ba ni na aike shi ba. Baba ya karɓe shi, ya ba shi bakin igiya ya riƙe, ya yi kwana huɗu yana bin tsoho cikin taɓo har gwiwa. An ce har tuwo suka ci tare. Wannan ya ba ni haushi, na gaya wa Baba, ya ce ba ruwana da wanda zai ci tuwonsa. Kundi na biyu wani shagon ya kai aka buga masa, kuma an karɓa. Na je ɗakin karatun da kaina na nemi izni na karanta shi a tsaye. Abin da ya rubuta a kan mai igiya daidai ne.

Saura kwafi huɗu na farko. Na goge wanda ke cikin ordinata tawa. Na bi malaman uku ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ba ni nasa, na kai gida na cire bangon na sa takardun a murhu. Na huɗun, na hannun ɗalibin, na aika a tambaye shi. Ya ce tun kafin sutenans ya ara wa wani abokinsa da ke shirin rubutu a kan lambuna, abokin kuma ya bar makarantar, bai san inda yake ba. Ko gaskiya ne ko ramuwa ce, ban sani ba.

Baba ya rasu bayan damina biyu. Igiyar tana hannun wani baƙon, mutumin Dosso, wanda shi ma ba shi da kowa a wurin.

Ina nan a shago. Duk kundin da aka kawo mini da ya taɓo lambu ko bakin gulbi, ko na wace makaranta ne, nakan ajiye sauran aiki in karanta shi tukuna kafin in buga harafi ɗaya. Na roƙi masu bugawa biyu da nake shiri da su, ɗaya a nan Lazaret ɗaya a ƙetare, su kira ni idan sun ga an ambaci mai igiya. Har yau jimlar ba ta fito ba. Ranar da ta fito, zan tambayi wanda ya kawo ta sau uku ko ya je, sannan in tambayi ranar sutenans ɗinsa.